Tun da aka yi wa Baba fashi, yayyena suka hana shi fita

Assalamu alaikum Anti. Mahaifina ɗan shekara 74 ne, ya yi ritaya. Makonni uku da suka wuce ya je ya ciro kuɗin fanshonsa kamar yadda ya saba duk ƙarshen wata. A hanyar dawowa wasu samari biyu suka tare shi, ɗaya ya fizgi jakarsa. Baba ya riƙe gam, sai ɗayan ya hankaɗe shi ya faɗi, kansa ya bugu da gefen titi. An ɗinke masa goshi aka sallame shi a ranar. Sun tafi da kuɗin da wayarsa da katin banki. Yanzu yayyena maza biyu sun yanke hukunci cewa Baba ba zai sake fita ba, kuɗinsa ma su za su riƙa ciro masa. Shi kuwa ya daina hira, a kwance yake wuni, barci ya yi masa yawa, jiya ma abu ɗaya ya tambaye ni har sau uku. Ranar nan na ji yana cewa zai fara yawo da wuƙa. Ni ce nake zaune da shi. Ina tsoron ya fita, ina kuma ganin zaman yana cinye shi. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba Baba lafiya, ya mayar masa da mafi alheri, ke kuma ya saka miki da wannan kulawa da kike yi.

Mu ajiye maganar fita tukuna, domin akwai abin da ya tsaya min a rai a wasiƙarki. Kin ce kansa ya bugu, kin ce barci ya yi masa yawa, kin ce yana maimaita tambaya. Ki mayar da shi asibiti yau, kada ki jira gobe. Ki gaya wa likita waɗannan abubuwa uku a jere kamar yadda kika gaya min, ki kuma tambaya ko za a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa na CT.

Ga dalili. Idan shekaru suka ja, ƙwaƙwalwa takan ɗan motse, sai a samu sarari tsakaninta da ƙoƙon kai. Ƙananan jijiyoyin jinin da suka ratsa wannan sarari suna nan a miƙe kamar zaren da aka ja. Bugu kaɗan ya isa ya tsinka ɗaya, jini ya riƙa tsiyaya a hankali yana taruwa. A ranar da abin ya faru mutum garau yake, a ɗinke ciwon waje a sallame shi. Sai bayan makonni a fara ganin ciwon kai, yawan barci, ruɗewa, mantuwa, tangaɗi wajen tafiya, ko rashin ƙarfin hannu da ƙafa na ɓangare ɗaya. 'Yan gida kuwa sai su ce tsufa ne, ko su ce damuwa ce. Haɗarin ya fi yawa ga mai shan maganin tsinka jini irin su aspirin ko warfarin, don haka ki kwashi duk magungunansa ki tafi da su likita ya gani, kada kuma ki dakatar da ko ɗaya da kanki. Mai yiwuwa baƙin ciki ne kawai ya kwantar da Baba, hoton ne zai raba gardama. In kuwa jinin ne, sau da yawa aiki ake yi a zuƙe shi, kuma mutane da dama suna dawowa hayyacinsu sarai.

To, sai maganar yayyenki. Ban ga laifinsu ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake yi, kuma ɗan da ya ga jini a goshin mahaifinsa ba zai so ya sake gani ba. Amma ban goyi bayan hukuncinsu ba. Samarin nan sun ƙwace wa Baba kuɗin wata ɗaya. In kuka kulle shi a gida kuka karɓe katinsa, kun ƙwace masa abin da ya fi kuɗin: tafiyarsa, abokan hirarsa, da jin cewa har yanzu shi ke riƙe da ragamar rayuwarsa.

Kwanciyar ma da kanta cuta ce. A 2007 wasu likitoci a Amurka sun kwantar da tsofaffi masu ƙoshin lafiya a gado na kwana 10 don su ga abin da zai faru. Cikin wannan ɗan lokaci naman ƙafafunsu ya ragu da kusan kilo 1. Kwana 10 kacal, ga mutanen da ba abin da ke damunsu. Baba yana mako na uku. Ƙafar da ta yi rauni ita ke kayar da tsoho a banɗaki ko a bakin gado, inda babu ɗan fashi ko ɗaya. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take shawartar masu shekara 65 zuwa sama su samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, har da atisayen ƙarfafa tsayuwa kwana uku a mako. Garin neman gira kada a rasa ido.

Akwai wani abu kuma da zan so yayyenki su ji. A 1981 wasu masu bincike biyu, Betty Grayson da Morris Stein, sun ɗauki bidiyon mutane suna tafiya a titin New York, suka nuna wa fursunonin da aka ɗaure kan kai wa mutane hari, suka ce su zaɓi wanda zai yi sauƙin kayarwa. Zaɓin nasu ya yi ta haɗuwa a kan mutane ɗaya, kuma da aka duba sai aka ga salon tafiya ne ya haɗa waɗanda aka zaɓa: taku marar daidaito, jiki ba ya tafiya tare. Ma'ana, tsohon da aka zaunar wata shida, ranar da fita ta zama dole, ya fi na yau zama abin nema. Kuma fitar dole ba ta ƙarewa.

Ki kuma sani cewa ƙididdigar da ake yi duk shekara a Amurka da Ingila ta daɗe tana nuna matasa sun fi tsofaffi faɗawa hannun masu kai hari. Bambancin shi ne, saurayi in an ture shi sai ya tashi ya kaɗe rigarsa. Tsoho in an ture shi, ƙugu ke karyewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum 684,000 a duniya kowace shekara, kuma 'yan sama da shekara 60 su suka fi yawa a ciki. Cikin tsofaffin da suka karye a ƙugu, kusan 1 cikin 5, wani lokaci fiye da haka, ba sa cika shekara. Saboda haka abin da muke gudar wa Baba a titi, kafin komai, shi ne ƙasa. Kuɗi na bayan wannan.

Wannan ya kawo ni kan jakar da ya riƙe, kuma a nan zan ɗan daɗe. Ina da gwaggo, Allah ya jiƙanta, da ta saba naɗe igiyar jakarta sau biyu a wuyan hannu, wai don kada a fizge. Wata rana wasu a kan babur suka kai wa jakar cafka. Jakar ba ta fita ba, sai ita ta bi jakar. Suka ja ta a ƙasa, kafaɗa ta goce, ƙugu ya tsage. Da muka je duba ta, ga jakar nan a gefen gado, igiyar ta yi mata shatin ja a fata. Na buɗe: tabarau, maganin hawan jini, hankici, da 'yan canji. Abin da ta yi wata huɗu a kwance dominsa ke nan, kuma ba ta sake tafiya ba sai da sanda. Ta kama hannuna ta ce, "Wallahi ban ma san na riƙe ba."

Gaskiya ta faɗa. Hannu ne ke damƙewa kafin hankali ya zo. Don haka kada kowa a gidanku ya ce wa Baba, "Ai da ka sakar musu." Ya riga ya faɗa wa kansa sau ɗari cikin dare. Abin yi shi ne a koya wa hannun saki tun a gida. Bayan ya warware, ki ce masa, "Baba, zo mu gwada wani abu, ni ma ina son in koya." Ki riƙe jaka ya fizga ki saki, shi ma ya riƙe ki fizga ya saki, har abin ya zauna masa a jiki. Mafi kyau ma ya daina fita da jaka. Kuɗi da kati su shiga aljihun ciki na gaba, a raba su wuri biyu. A aljihun waje a bar ɗan abin da in an tare shi zai miƙa nan take, ko ya jefa gefe ya ja da baya ya jingina da bango ko ya dafa wani abu. Ɓarawo sauri yake yi, so yake ya samu ya ɓace. Duk daƙiƙar da aka ja shi da gardama, a nan duka ke shigowa.

Maganar wuƙa kuwa, a'a. Ki faɗa masa cikin ladabi, amma kada ki sassauta. Mutum mai shekara 74 a gaban samari biyu, wuƙar da ya zaro ta zama tasu cikin ƙiftawar ido, fashi ya koma kisa. A wurare da dama ma yawo da ita laifi ne a doka. Sai dai ki saurari abin da ke ƙarƙashin maganar. Baba yana cewa ne, "An wulaƙanta ni, ba na son a sake." Mutumin da ya yi shekaru yana kare iyali, yaran da ya yi jika da su sun kayar da shi a bainar jama'a, yanzu kuma 'ya'yansa na shawara a kansa kamar ba ya wurin. Wannan ciwon ba a ɗinke shi. In yana son abin riƙewa, sandar dogarawa mai roba a gindi ta fi masa, don ita aikinta hana faɗuwa. Usur ma yana da amfani, ƙararsa na jawo ido, kuma ido ne ɓarawo ba ya so.

Yanzu mu duba abin da ya jawo ɓarayin. Masana laifuka biyu, Lawrence Cohen da Marcus Felson, sun yi bayani a 1979 cewa irin wannan laifi yana faruwa ne in abu uku sun haɗu a wuri ɗaya: mai niyyar yi, abin da ya dace a ɗauka, da rashin wanda zai hana. Na farko ba ya hannunku. Yayyenki sun kalli na biyu suka ce Baba ne, a cire Baba. Alhali abin da aka bi kuɗin wata guda ne a jaka ɗaya, a ranar da kowa ya san ana biya, a hannun mutum shi kaɗai, a hanyar da ya saba bi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ku toshe tsagar, ku bar bangon a tsaye.

Da wuya a ce haɗuwa kawai suka yi da shi. Masu wannan sana'a sukan tsaya kusa da banki ko na'urar ATM suna kallon wanda ya fito yana gyara aljihu, sai su bi shi har inda mutane suka yi ƙaranci. 'Yan sandan Amurka sun sha gargaɗi kan wannan salo. Don haka kada Baba ya sake ciro kuɗin wata a lokaci ɗaya. Ya ciri kaɗan-kaɗan, a ranaku daban-daban, da rana tsaka, a na'urar da ke cikin harabar banki in akwai. Ya adana kuɗin tun yana ciki, ba a bakin ƙofa ba. Abin da za a iya biya ta waya ko da kati, a biya ta nan. Ku je banki tare a rage adadin da katin zai iya fitarwa a rana. In ya ji a jikinsa ana bin sa, kada ya nufi gida, kada ya yanke ta lungu don sauri. Ya shiga shago ko ofis mai mutane ya zauna ya kira ki. Wata jita-jita tana yawo a intanet wai in an tilasta wa mutum a ATM ya buga lambar sirrinsa a juye, 'yan sanda za su zo. Ƙarya ce, na'urar cewa za ta yi lambar ba daidai ba, ɓarawon ya ƙara fusata.

A rage kuma yawan waɗanda suka san ranar da kuɗi ke shigowa. Hira a ƙofar gida, waya da ƙarfi a cikin mota, duk kunnuwa na ji.

Batun yayyenki su riƙe katin, ina roƙon ki tsaya a kai. Ba zarginsu nake ba, Allah ya sani. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 6 na masu shekara 60 zuwa sama na fuskantar wani nau'in cin zarafi a cikin shekara, har da cin dukiyarsu, kuma sau da yawa daga na kusa abin ke fitowa. Yakan fara ne da kyakkyawar niyya: "Kawo in ciro maka." Wata na uku sai a ce an ara, wata na shida tsoho na roƙon kuɗinsa kamar sadaka. Ko ba a kai nan ba, zargi tsakanin 'yan'uwa kan kuɗin mahaifi yana raba zumunci. Muddin likita ya tabbatar hankalin Baba daidai yake, kati da lambar sirri su zauna a hannunsa, saƙon banki ya riƙa shiga wayarsa. Yayanki ya raka shi, ya tsaya a bayansa, Baba ya danna da kansa.

Abu na uku, wato wanda zai hana, shi ne ya fi sauƙin samu kuma ya fi daɗi. Mutane sun fi yadda muke zato kawo ɗauki. Wani bincike da aka fitar a 2019 ya duba bidiyon kyamarorin titi na rigingimu 219 a Ingila da Holan da Afirka ta Kudu, aka ga a 9 cikin 10 an samu wanda ya shiga tsakani, kuma yawan jama'a na ƙara yiwuwar hakan. To Baba ya bi hanya mai mutane ko da ta fi tsawo, ya yi tafiya yana fuskantar ababen hawa masu zuwa, ya matsa daga bakin titi. In ya saba sa tabarau ko na'urar ƙara ji, kada ya fita babu su. Waya ta zauna a aljihu, in kira ya shigo ya tsaya ya ba bango baya ya amsa. In wani abu ya faru kuma yana ƙasa, ya nuna mutum ɗaya ya ce, "Kai mai farar riga, taimake ni," kuma kada ya yarda a ɗaga shi da ƙarfi in ƙugu ko wuya na ciwo.

Sai dai yadda za a raka shi yana da muhimmanci. In kika ce, "Baba, ba za ka fita kai kaɗai ba," kin zama mai gadi, zai ƙi. Ki ce, "Baba, raka ni." Ki tura jika ya ce yana son ya bi Kaka. Ki nemi abokinsa na kusa, sa'arsa, ki roƙe shi ya riƙa biyo masa da safe. Tsofaffi biyu suna tafe suna hira sun fi ɗaya wuyar tarewa, kuma abin da Baba ba zai iya gaya wa 'yarsa ba zai gaya wa abokinsa.

Wasu 'yan ayyuka da nake fata an riga an yi, in ba a yi ba a yi su cikin makon nan: a rufe tsohon katin, a rufe layin wayar a sake ɗauko shi domin ta layin ake shiga asusu, a duba bayanan banki tun daga ranar, a kai rahoto wurin 'yan sanda ko da kuna ganin kuɗin ba za su dawo ba, tare da lambar IMEI ta wayar da ke jikin kwalinta. In akwai makullin gida ko takarda mai adireshi a jakar, a canza kwaɗo. Ki gargaɗe shi cewa wani na iya kira ya ce daga banki yake ko ya tsinci katin, ya nemi lambar sirri. Banki ba ya tambayar wannan. A sabuwar wayar ki sa masa lambarki da ta agajin gaggawa inda dannawa ɗaya za ta isa.

Ki lura da zuciyarsa kamar yadda kike lura da goshinsa. Firgita cikin barci, zabura in an taɓa ƙofa, ƙin bi ta wurin da abin ya faru, duk ana ganinsu a makonnin farko kuma sukan lafa. In sun wuce wata guda, ko ya daina cin abinci, ko ya fara maganar ya gaji da duniya, ki gaya wa likita, akwai magani da masu ba da shawara kan wannan. In ya so ba da labarin, ki bar shi ya bayar ko sau nawa ne, kada ki katse shi da "Ya wuce, Baba." In bai so ba, ki zauna kusa da shi kawai.

Da yayyenki kuma, kada ki je musu da gardama, ke ƙanwa ce, kuma tsoro ne ke magana a bakinsu. Ki ce, "Yaya, ni ke kwana da shi, ga abin da nake gani." Ki nuna musu yadda ƙafarsa ta fara rawa in zai tashi. Sannan ku zauna ku huɗu, Baba a tsakiya, a fara da tambayarsa ina da ina yake son ya ci gaba da zuwa. A kan amsarsa za a tsara wanda zai raka shi, da ranar banki, da sauransu. Ke ma ki ce musu su karɓi wasu ranaku, don nauyin ya yi wa mutum ɗaya yawa.

In likita ya ba da izini, fitar farko ta zama gajeriya, da safe, ke da shi, zuwa ƙarshen layi ku dawo. Kada ku bi ta inda aka tare shi tukuna. In ya kai bakin ƙofa ya tsaya ya ce ya fasa, ki ce to, ku koma ciki, gobe ki sake cewa ya raka ki. Amma yau asibiti. Ki rubuto min abin da hoton ya nuna, ina jira, kuma ki gaishe min da Baba da jiki.